Kifin Zagorka Ta Titi Yake Zuwa

Shekara talatin da ɗaya Zagorka ta yi tana sayar da kifin teku a kasuwar Leskovac, garin da ko iskar teku ba ta kaiwa. A kwali kifin ke iso mata cikin motar sanyi, daskararre kamar itace, an riga an sare masa kai.

Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya ba, balle a jajibirin bikin Waliyyi Nikola, lokacin da ake ƙaurace wa nama, kowane gida kuma sai ya tarbi baƙinsa da kifi. Idan motar kifin ta maƙale a kan iyakar ƙasa, sai ta yi ta kai-komo tsakanin teburinta da bakin titi, matan da ke kan layi suna tsokanarta.

"Maƙwabciya, kifin naki a ƙafa yake tahowa ne?"

"In sauri kike, ga kogi can, je ki kamo mai warin taɓo!"

Da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa kasuwa, ɗanta Milisav ya kai ta bakin teku a ƙasar Girka, ya kafa mata kujera a kan yashi. Ko minti goma ba ta yi ba, sai ta miƙe. Ta leƙa ruwan, ta taɓe baki, ta juya kujerar ta fuskanci titin da manyan motoci ke bi zuwa arewa.

"Mama, teku fa yana bayanki," in ji Milisav.

"Na gan shi, ruwa ne," ta ce, idonta na kan wata farar mota. "Ni kifina ta nan yake zuwa. Kuma direban can, da wannan tafiyar tasa, sai ya makara."