Zogalen Kakata

Tun da likita ya ce in rage maiƙo da gishiri na kasa sukuni, marigayiya kakata ce ke ta faɗo min a rai. Wata Babbar Sallah, gida ya cika da ƙamshin suya, na kai mata nama. Ta ture kwanon.

"Kai wa masu haƙori. Ni tsinko min zogale."

Ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, tana ci tana lumshe ido, mu kuwa muna ta dariya.

Jiya na je ƙauyenmu neman ganyen. Na zaga gidan, na sake zagawa. An sare bishiyar zogalen, an ja katangar bulo a wurin.

Allah ya sanyaya makwancinki, Inna, ya ba ki inuwar da ba mai sarewa.