Ɗakin Rediyon Baba Eriya

Tun yana saurayi ake kiransa Eriya, saboda tsawo da rashin kauri irin na eriyar rediyo, da ya kama sana'ar gyaran rediyo kuwa sai sunan ya zauna masa daram. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba. A zamanin da rediyo ke da daraja, shagonsa na bakin titi ba ya rabo da jama'a. Mutum zai shigo rungume da rediyonsa kamar mai kai yaro asibiti, Eriya ya kara a kunne, ya murɗa nan ya murɗa can, ya ce, "Lasifika ce," ko ya ce, "Ka bar batir ya ruɓe a ciki, Allah ya shirye ka." Da wannan sana'a ya yi aure, ya gina gida, ya sa yara a makaranta.

Sai wayar hannu ta zo ta ƙwace kunnuwan mutane. Zamani riga ne, in ji masu iya magana, amma Baba Eriya ya ƙi tuɓe tasa. Da mai shagon ya karɓi shagonsa, sai ya kwaso komai ya zuba a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin: teburin aiki, kujerarsa mara jingina, filaya, sukudireba, dunƙulen dalma, da rediyoyin da aka kawo gyara shekara da shekaru ba a dawo ɗauka ba. Sun cika kanta, sun hau kan juna har sun toshe taga. In aka ce ya zubar, amsarsa ɗaya ce: "Kayan mutane ne. Amana aka ba ni."

Kullum da safe in ya gama shan shayi sai ya shiga, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya kwance bayan wani rediyo, ya hure ƙura, ya mayar ya ɗaure. Babu wanda ya sa shi, babu mai jira. Amma muddin yana cikin ɗakin nan, shi mai gyara ne, mutum mai wurin zuwa. Abin da yake tsoro, ko da yake bai taɓa faɗa ba, shi ne ranar da zai zama tsohon da ake zagayawa da tsintsiya a falo.

Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ita ce ke riƙe da ɓangaren addu'a na gidan. Baba Eriya Kirista ne na kirki, ba ya fashin Lahadi, baikon da yake bayarwa a coci bai taɓa makara ba, amma in aka zo addu'a da baki, nasa "amin" ne kawai, sai dai yana faɗarsa da ƙarfi. Mama kuwa tun tana amarya take tafiya coci kowace safiya, su da wasu mata su durƙusa su kai kukansu gaban Ubangiji kafin hidimar gida ta kama su. Sai ranar nan santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ƙugu ya goce. Ta warke, amma ta koma tafiya da sanda, cocin da take zuwa kamar bayan ɗaki ya yi mata nisa.

To, gidan ba gidan shiru ba ne. Ɗansu direba yana nan da matarsa da 'ya'yansu, kuma jikokin nan Allah ya ba su lafiyar maƙogwaro. Falo na talabijin ne. Ɗakin Mama kuwa kasuwa ne, a nan ake neman mataji, a nan ake kawo ƙara, a nan ake ɓuya in an yi ɓarna. Ta rufe ido ta ce "Ya Ubanmu," ta buɗe ta ga fuskoki a gabanta suna jira ta raba faɗa a kan cokali.

Ba ta taɓa cewa ya ba ta ɗakin ba. Hannunka mai sanda kawai take yi masa.

"Baban yara, wannan ɗaki naka akwai shiru."

"Ƙura ce ta yi masa yawa," in ji shi, "ba zai yi wa mai tari daɗi ba."

"Ni na ce maka ina tari?"

Sai ya yi kunnen uwar shegu, ya hau neman tabarau alhali yana kan goshinsa.

Wata safiya ya zagaya bayan gida neman tsumma, ya tarar da ita. Ta kife bokiti ta zauna a kai tsakanin igiyoyin shanya, sandarta jingine da bango, Littafi Mai Tsarki a cinya. Wankin surukarta yana ɗiga mata ruwa a kafaɗa, ta kare littafin da gefen mayafi, leɓunanta suna motsi. Ba ta gan shi ba. Ya ja da baya a hankali, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Matar da ta yi zaman haƙuri da shi tun ba shi da komai sai filaya, yau ita ce a kan bokiti, matattun rediyoyi kuma suna kwance a inuwa.

Da ya faɗa wa ɗansa za a kwashe ɗakin, direban ya ce, "Baba, ai da sauƙi. In kira masu sayen tsoffin ƙarafa, kafin rana ta yi zafi sun share."

"Ka kira su su saye kayan mutane? Nemo mini baro."

Haka kuwa aka yi. Ya zauna ya gyara duk wanda zai gyaru, gyara na gaske wannan karon, har gidan ya cika da ƙaurin dalma. Bai taɓa rubuta sunan kowa a jikin rediyo ba, amma ya san mai kowane, kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya riƙa loda su a baro yana bin layi layi, dogon tsoho yana tura kayan da yaran yanzu ba su san sunansu ba.

A gidan mai aski ya tarar mai askin ya rasu, matarsa ta karɓi rediyon ta rungume, ta ce har yanzu da shatin yatsan mijinta a wurin murɗawa. Tsohon malamin makaranta ido ya mutu, yana zaune shi kaɗai a zaure, da ya ji murya ta fito daga akwatin sai ya yi dariya har da tafi. Mai nama ya karɓi nasa bai ko duba ba, ya ce na babban ɗansa ne, wanda ya tafi neman aiki tun tuni, babu waya babu saƙo. Duk inda ya je sai an tambaye shi dalilin wannan wahala, shi kuma ya ce, "Mama za a yi wa wurin addu'a." Kusan kowa sai ya ce, "To, ka ce ta sa mu a ciki." Har tela, maƙwabcinsa na tsohon shago, wanda Musulmi ne, ya riƙe masa hannu ya ce, "Ka gaya wa Mama hawan jinin nan ya matsa mini, kada ta manta da ni." Waɗanda bai sami masu su ba, ko magadansu, ya raba wa masu gadin unguwa, da sharaɗin in mai shi ya ɓullo za a mayar.

Da ɗakin ya zama wayam, aka buɗe tagar da aka manta da ita, haske ya shigo har tsakar ɗaki. Direban ya shafa farin fenti. Surukar ta wanke ƙasa ta shimfiɗa darduma, ta rataya labule. Baba Eriya ya rage wa teburin aikinsa ƙafafu, ya goge tabon ƙuna iya ƙoƙarinsa, aka ɗora Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a kai. Daga katakon kanta ya yanko guda biyu ya haɗa gicciye ya kafa a bango, ya ɗan karkace, amma Mama ta hana a taɓa. Aka kawo mata kujera mai tsawo mai hannu, tunda durƙuso ya fi ƙarfinta yanzu. Aka kuma kafa wa jikoki doka: in ƙofar nan tana rufe, ko gobara ce a fara gaya wa uwarsu.

Mama ta shiga ta zauna, ta dubi bango, ta dubi taga, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Baban yara." Ya ji daɗi har cikin ransa, kuma da gaske ne.

Amma sabo turken wawa. Washegari ya gama shayi, ƙafafunsa suka kai shi bakin ƙofar da kansu. A rufe take, muryar Mama tana fitowa ƙasa ƙasa cikin waƙa. Ya tsaya kamar baƙon da ya ɓata hanya, sannan ya koma falo. Surukar ta zo da tsintsiya ta ce, "Baba, ɗan ɗaga ƙafa." Ya ɗaga. Ya fita ƙofar gida, ya gaisa da masu wucewa, ya dawo ya tarar ko hantsi bai yi ba. Bai yi da-na-sani ba, amma ya ji kansa fanko kamar gwangwani. Haka ya yi ta yi kwana da kwanaki, yana cewa lafiya lau duk wanda ya tambaya.

Wata safiya yana wucewa ta bakin ƙofar, wai ruwa zai sha a kicin, sai ya ji ta ce, "Baban yara, shigo. Na san takunka."

Ya tura ƙofar ya tsaya daga baki.

"Ka ce mutane sun ce in sa su a addu'a. Ni ban san su ba, kai ka shiga gidajensu. Su wane ne?"

Ya fara lissafa mata yana tsaye: matar mai aski, malamin da ido ya mutu, mai nama da ɗansa.

"Tsaya," in ji ta. "Ni me zan iya yi musu? Zauna ka faɗa wa wanda zai iya."

Sai a lokacin ya lura da kujerarsa mara jingina a gefen tata, an goge ta, an ɗora mata matashi. Ya zauna. Ya ce, "Kin san ni ban iya tsara magana ba."

"Wa ya ce maka tsari ake so? Rufe ido."

Ya rufe. Ya yi gyaran murya, ya sake yi. Sannan ya ce, "Ubangiji, akwai matar mai aski. Kewa ce ke damunta, ita kaɗai ce a gidan. Akwai mai nama, ɗansa ne, ko raye ko mace bai sani ba, ka sa yaron nan ya kira ubansa." Ya ci gaba a haka, gida bayan gida, har ya kai kan tela da hawan jininsa. Daga nan ya tsaya, don bai san yadda ake rufewa ba.

"A cikin sunan Yesu," in ji Mama a hankali. "Amin."

Ya share fuska da hannun riga, ya ce fentin nan har yanzu yana shiga ido. Mama ba ta musa ba. Ta jawo Littafi Mai Tsarki ta buɗe Zabura, ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa, ta girgiza kai.

"Gobe ka zo da tabaranka. Ƙananan rubutun nan sun fi ƙarfin idona, kai za ka riƙa karanta mana."

Baba Eriya ya gyara zama a kan kujerarsa, ya ce, "Ƙarfe nawa ake buɗewa?"

"Da ka gama shayi," in ji ta. "Kuma kada ka makara."