Madigadin da Davou Ya Buga

Malam Sirajo ba mai yawan magana ba ne. Shekararsa shida ke nan a garin Silver Spring na Amurka, a hawa na bakwai, gidan 'yarsa Dakta Hafiza, amma cikin masu haɗuwa da shi a masallaci ran Juma'a kaɗan ne suka san sana'arsa. Sun dai san tsoho ne mai kaurin hannu. In an fito daga salla ana gaisawa a wurin ajiye motoci, sai ka ga ya ɗora tafi a jikin motar wani yana shafawa a hankali. Wani lokaci yakan ce, "Wannan ta taɓa cin bugu a nan." Mai motar ya musa, sai daga baya ya bincika ya tarar haka ne.

Shekara arba'in da biyar ya yi yana gyaran jikin mota a Jos. Bai yi boko ba sai aji uku. Wanda ya koya masa aiki wani Birom ne, Davou, mai gareji a hanyar Bukuru. Davou ya rasu tuntuni, garejin ma an rushe an gina shaguna, amma har yau in Malam Sirajo zai ambace shi sai ya ce "maigidana".

A garejin nan ya fara ganin motar Alhaji Abdulmumin. Doguwa ce, baƙa, ƙirar Ingila ta shekarar 1951. A wancan zamanin, irin waɗannan motocin na manya, inji da shasi, wato gindin ƙarfen da jiki ke hawa, kawai kamfani ke sayar maka. Kai za ka kai wa maƙera su kafa mata ƙashin katako, su bugi alminiyon da guduma su lulluɓe, su naɗe bakinsa a kan katakon su kafe da ƙusa. Maƙeran da suka yi jikin wannan, an ce tara kawai suka yi irinta kafin su rufe. Wani Baturen kuza ne ya shigo da ita Jos. Da zai koma gida ya sayar wa Alhaji, wanda yake da manyan motocin dakon kaya.

Shekara guda bayan canjin kuɗi zuwa naira, wata tifa ta yi baya a bakin kasuwa ta murƙushe mata madigadin baya guda, wato murfin nan mai lanƙwasa da ke rufe taya. Kowa ya ce sai an aika Ingila. Davou ya zagaya motar sau biyu, ya ce a bar masa ita. Wata uku suka yi a kanta. Shi ke bugu, Sirajo, lokacin yana ɗan ashirin da huɗu, ke tokare da ƙarfe ta ciki. Ba su da zane, ba su da injin lanƙwasa. Kututturen itace ne da aka rarake, da buhun yashi, da guduma uku. Davou yakan rufe ido ya shafa ɗaya gefen da hannun hagu, ya zo ya shafa nasa da dama, ya ce, "Saura kaɗan." Da aka gama aka yi fenti, Alhaji da kansa ya tsaya yana tambayar wane gefe ne ma aka buge.

Bayan rasuwar Alhaji motar ta shekara talatin a rumfa. Sai bara ɗansa Injiniya Dabo, wanda shi ma ke zaune a Amurka, a garin Annandale, ya sa aka ɗoro ta a jirgin ruwa. Ya kai ta wurin wani Ba'amurke mai suna Kenneth, wanda aikinsa ke nan farfaɗo da tsofaffin motoci. Burin Dabo ya shigar da ita gasar da ake yi duk shekara, inda alƙalai ke duba mota ƙusa-ƙusa.

Wata Asabar da hantsi Dabo ya zo da kansa ya ɗauki Malam Sirajo. A hanya ya yi ta gaisuwa, ya tambayi ƙafa, ya tambayi sanyi. Sai da suka shiga garejin Kenneth tsohon ya gane dalilin kiran.

An kankare mata fenti tas, tana tsaye fara sol. Malam Sirajo ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Sannan ya matsa ya ɗora mata hannu a gaba, kamar mai gaida marar lafiya.

"Baba, abu ɗaya muke so," in ji Dabo. "Ni ina ɗan shekara biyar aka yi hatsarin nan, ban riƙe ba. Madigadin da aka yi mata a gida, na hagu ne ko na dama?"

"Me za a yi da shi?"

"Cirewa za a yi. Akwai wasu a Ingila da ke da tsohon zanen, za su bugo mana sabo, da takardar shaida. Ka san mutanen nan, orijinal suke so. In suka ji an ce aikin bakin titi ne a jiki, maki zai zube."

"Bakin titi," in ji Malam Sirajo.

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"A'a, ai bakin titi ne. Titin Bukuru. Ban musa ba." Ya juya ya dubi wata takarda da aka manna a allo kusa da motar, mai hoto da rubutu. "Wannan fa?"

"Tarihinta ne, wanda za a ajiye a gabanta ranar gasa."

"Karanta mini."

Dabo ya karanta yana fassarawa. An faɗi shekarar da aka ƙera ta, da garin, da sunan Baturen kuza har da na matarsa. Daga nan sai layi ɗaya: ta zauna a hannun wani iyali a Afirka ta Yamma, sannan aka kawo ta Virginia.

"Shi ke nan?"

"Gajartawa aka yi."

"Shekara saba'in a layi ɗaya. Lalle an iya gajartawa." Ya gyara hularsa. "Injiniya, in an cire madigadin nan, yana komawa?"

Kenneth ne ya amsa da Dabo ya tambaye shi. Ya ce a'a, bakin a naɗe yake a kan katako, alminiyon kuma ya tsufa, in an buɗe shi yagewa zai yi.

"To ba zan faɗa ba," in ji Malam Sirajo.

Dabo ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Haba Baba."

"Kun ce aikin bakin titi ne. Ai ba ya ɓuya. Ga masana, ga na'ura. Ku nemo shi."

A haka aka mai da shi gida.

Hafiza ta yi masa magana da yamma, tana zuba masa shayi. "Baba, motar ubansa ce fa. In ya ga dama ya yi mata fentin ruwan hoda."

"Ya yi mana. Na hana shi?"

"To ka faɗa masa kawai a huta. Matarsa ta kira ni sau biyu."

"Likita, in aka kawo miki mutum aka ce ki nuna ƙafar da za a yanke, alhali duka biyun lafiya lau suke, kya nuna?"

"Mota ce, Baba, ba mutum ba."

"Na sani. Ƙara mini sukari."

Kwana goma Kenneth yana awo. Ya haska fitila, ya ɗora ma'auni, ya ɗauki hoto ya sa a kwamfuta. Ta ciki ba abin da ya gani, don duka gefen biyu a shafe suke da kwalta mai kauri. Ranar Talata Dabo ya bugo waya, muryarsa sake.

"Baba, an gano. Na dama ne. Kenneth ya ce lanƙwasarsa ta kauce da kusan rabin inci, ga tabon guduma a ƙasa. Na hagun kuwa ya ce bai taɓa ganin hannu mai tsabta irinsa ba, aikin Ingila na gaske. Jibi da safe za a cire. Na ce bari in gaya maka don kada ka ji a bakin wani."

"Na gode," in ji Malam Sirajo, ya ajiye waya.

Na hagu shi ne na Davou.

Washegari bai fita ba. Ya zauna a bakin taga yana kallon jiragen ƙasa na Metro suna shiga tasha suna fita. Abin a fili yake. In ya yi shiru, aikin maigidansa ya tsira, za a yi masa fenti, a kai shi gaban alƙalai su yaba. Sai dai da sunan wani za a yaba. Kuma za a yage na dama a jefar, aikin wani maƙeri da bai taɓa gani ba, wanda shi ma ya tsaya wata da watanni da guduma a hannu, wataƙila da yunwa, don an ce bayan yaƙin duniya mutanen Ingila ma ba su ji da daɗi ba. In kuwa ya yi magana, ya ba su abin da ya rantse ba zai ba su ba.

Ya tuna wata rana da wani direba ya ce wa Davou ya shafe tsaga da hoda ya yi fenti a kai, ba mai ganewa. Davou ya miƙa masa makullinsa, ya nuna masa ƙofa.

Ranar Alhamis Hafiza tana asibiti tun asuba. Bai kira kowa ba. Ya sa rigar sanyi a kan kaftani, ya jefa 'yar wuƙarsa ta gyaran farce a aljihu. Ya hau jirgin ƙasa na Red Line, ya sauya jirgi, ya hau bas, yana nuna wa direba katin Kenneth da ya tsinta a garejin. Sau ɗaya ya wuce inda zai sauka, ya dawo da ƙafa. Da ya shiga, Kenneth na durƙushe a gefen dama da kurfin ɓamɓare ƙusa a hannu, Dabo na tsaye da kofin kofi.

"Baba? Wa ya kawo ka?"

"Ƙafata. Ce masa ya dakata."

Ya wuce gefen hagu. Durƙusawa ta yi masa wuya, sai da ya dafa taya. Ya zura hannu can ƙarƙashin madigadin, yana lalube ido a rufe, har ya tsaya a wani wuri. Ya zaro wuƙar ya shiga kankare kwalta. Da ya gama ya ce a haska.

A ƙarƙashin kan noti, inda washa ya kamata ya zauna, tsohon kwabo ne mai huji, irin mai tauraro. Ya kankare gaba kaɗan, ga wani. Huɗu ne a jere.

"Washa ta ƙare mana," in ji shi. "An yi canji, kwabon ba ya sayen komai, ga shi da huji daidai noti. Maigidana ya ce ya fi washa, ba ya tsatsa. Katakon nan kuma maɗaci ne, shi ya sa gara ba ta taɓa shi ba. Kwalta ni na shafa, gefe biyu, don kada ɗaya ya riga ɗaya lalacewa."

Dabo ya fassara, a hankali, kamar maganar na yi masa nauyi. Kenneth ya kwanta rigingine a ƙasa da fitila ya daɗe. Da ya fito sai ya zauna a kan siminti, ya dubi na hagu, ya dubi na dama, ya yi wata 'yar dariya. Ya tambaya da wace na'ura aka lanƙwasa.

"Ce masa kututture da buhun yashi."

Dabo ya ajiye kofin. "To ai shi ke nan, Baba. Mun gode. Ka ga da mun yi ɓarna. Yanzu sai a cire na hagun."

"Cire," in ji Malam Sirajo. Ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe gwiwa. "Motarka ce. Amma ina nan tsaye, a gabana za a yi. In an cire a ba ni, in saɓa shi a kafaɗa in shiga jirgi da shi. Ran gasar kuma zan zo in tsaya kusa da takardarka da shi a hannu. Duk wanda ya tambaya in gaya masa wannan ne mai awonku ya ce bai taɓa ganin irinsa ba."

"Baba, wannan ai tonon asiri ne."

"Asirin wa? Ubanka bai ɓoye ba. Shekara ashirin yana shiga da ita ko'ina, in an yaba ya ce a Bukuru aka buga. Kai ne ka zo nan ka ji kunya."

Kenneth bai jira a fassara masa ba. Sai ya tashi ya mai da kurfin cikin akwatin kayan aiki ya rufe. Ya ce wa Dabo shi dai hannunsa ba zai yage wannan ba, in ana so a nemi wani. Maki zai iya zubewa, ya ce, wannan gaskiya ne.

Dabo ya je ya tsaya gaban allon, hannu a aljihu. Can ya ciro biro, ya cire takardar, ya juya bayanta.

"Me zan rubuta? Sirajo wa?"

"Ba ni ba. Ni tokarewa na yi. Rubuta Davou, Bukuru, 1974."

"Davou wa?"

Nan Malam Sirajo ya tsaya. Shekara goma sha tara yana ƙarƙashin mutumin, kullum Oga yake ce masa, bai taɓa tambayar sunan mahaifinsa ba.

"Bar fili," ya ce. "Akwai 'yarsa Constance, tana Jos. Zan sa a nemo ta."

Dabo ya bar filin. Ya ce zai mai da shi gida a mota. Malam Sirajo ya ce a'a, ya riga ya gane bas ɗin, lamba ce kawai a gaba. Ya goge kwaltar wuƙarsa a jikin wani tsumma, ya naɗe ta, ya sa a aljihu. Kafin ya fita ya zagaya gefen dama, ya shafa madigadin maƙerin Ingilan tun daga sama har ƙasa.

"Rabin inci," ya ce. "Ba laifi. Shi ma ya yi ƙoƙari."