Muryoyin da ke Cikin Sarba

Tafin hannun Mas'uda na kan bayan na'urar, kamar mai taɓa goshin jariri ta ji ko da zazzaɓi. Haka take yi kowace safiya kafin ta ajiye jaka. Na'urar, wadda suke kira sarba, tana kan kanta a ƙaramin ɗaki na wani gidan rediyon karkara a ƙasar Dungas. Duk shirin da aka haɗa a cikinta ake ajiye shi, daga nan ya bi waya zuwa ordinatar, wato kwamfutar, da ke sitidiyo.

'Yar garin Guci ce. Mahaifinta mai cigiya ne, mai zaga kasuwa yana faɗin kamannin saniyar da ta ɓata. Ta yi karatu a Damagaram ta dawo. Shi ya rasu, amma muryarsa na cikin sarbar, tare da na tsofaffin garuruwan Kwaya da Danciyawo da aka ɗauka suna labarin fari da damina.

A bana sarbar ta yi nauyin jiki. Shirin da a da yake isa sitidiyo kafin a kurɓi shayi, yanzu sai shayin ya huce yana hanya.

Malam Zakariya'u, daraktan gidan, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Amalanke ce aka labta wa kaya, Mas'uda. Ki sauke tsofaffin muryoyin nan kafin Juma'a. Matattu sun tare wa masu rai hanya."

"Ranka ya daɗe, a bar ni in duba tukuna."

"Duba, amma ba sai kaka ba."

Ba ta da wani wurin da za ta kwashe su. In an share, an share.

Ta duba cikin sarbar, akwai sauran wuri da yawa. Ta tura shiri zuwa ordinatarta da ke nan ɗakin, ya wuce kamar iska. Ta tura shi sitidiyo, ya koma rarrafe. Nan ta bar na'urar ta bi waya da hannu, ta bakin taga, ta jikin katanga, har gindin bishiyar bedin tsakar gida. A can yatsunta suka ci karo da ƙulli, an naɗe shi da robar tayar keke, naɗi mai kyau.

Baba Manzo mai gadi na zaune yana tufka igiya.

"Baba, wa ya taɓa wayar nan?"

"Akuyar maƙwabta, 'yata. Tun watan azumi ta tauna ta. Na ce kada a yi wa marainiya faɗa, na haɗa jijiyoyin, ja da ja, kore da kore. Ko guga aka ɗaura ba za ta tsinke ba."

"Ƙarfi kam ta yi, Baba. Sai dai magana ba ta son ƙulli."

Ta ɗauko ordinatar sitidiyo a ka, ta dire ta gefen sarbar, ta haɗa su da guntuwar waya. Ta kira darakta. Da gangan ko ba da gangan ba, abin da ta zaɓa ta tura tsohuwar cigiya ce. Nan take ta isa, muryar mahaifinta ta cika ɗakin, tana neman jar karsana mai farin goshi da karyayyen ƙaho.

Malam Zakariya'u ya saurara har ƙarshe.

"An same ta kuwa?"

"Ban sani ba. Ina ƙarama lokacin."

Sai ya ce a bar matattun a inda suke, a sayo sabuwar waya, kuma a ɗaga ta sama da bakin akuya.

A Magarya ake sayar da irin wayar. Mas'uda ta auna tsawon da tsohuwar igiyar Baba Manzo, ta naɗe ta ta sa a jaka. Ta sake ɗora tafin hannu a bayan sarbar, ta gyara mayafi, ta fita neman kabu-kabu.