Na Je Bincike Gyaɗi-Gyaɗi da Jakar Daddawa

Asubar fari muka bar Birnin Kudu, ni da matar ƙanena, kowacce da jakar bakko a hannu. Tawa cike da daddawa da kuka da yaji, tata da man gyaɗa a robobi. Duk wanda ya gan mu zai ce dillalai ne. To ba ciniki ne ya fitar da mu ba, jama'a, binciken aure aka aike mu. Abba, ɗan yayana, wanda na riƙe tun yana shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya ga yarinya a Kano yana so. Sai dai ɗalibar jami'a ce mai karatun likita, kuma ba a gaban iyayenta take ba. Su suna Potiskum, ita tana gidan haya da wasu ɗalibai a Gyaɗi-Gyaɗi. Da Yaya Alhaji ya ji haka sai ya ɗaure fuska, ya ce in je in gano masa da idona. Abin da na dawo da shi za a bi: ko a kai gaisuwa, ko a bar maganar. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, na gama yanke wa yarinyar hukunci tun kafin in hau mota.

Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, kuma dubu uku da ɗari biyar kowa ya biya, ban da na kaya. Na yi ƙorafi, direba ya ce in je gidan mai in yi. Hanya dai ba laifi. A gadar Wudil masu kifi suka yanyame mota, abokiyar tafiyata ta sayi na dubu ɗaya. Ni na ƙi, don ban yarda da kifin da ban ga lokacin da aka soya shi ba. Ta ce ni ko ruwan leda sai na ɗaga shi a rana kafin in sha. Ban musa ba.

Wajen ƙarfe tara muka sauka a Unguwa Uku, muka fara ya da zango a Daurawa, gidan wata ƙawarta. Waina da miyar taushe aka kawo mana, kuma tun ban kai loma ta uku ba matar gidan ta fara karanta mana halin 'yan jami'a. Ba su iya girki ba sai taliyar leda. Ba sa durƙusa wa babba. Kowacce samarinta uku, na saka kati, na ɗauka a mota, da na aure. Na tambaye ta ko ta taɓa zama da wata daga cikinsu. Ta ce Allah ya kiyaye, ai kowa ya sani. Maganar ta yi mini daɗi a lokacin, don ta dace da abin da na zo nema.

Daga nan muka tari ɗan sahu. Ya ratsa da mu ta gefen kasuwar Tarauni, inda na ga kwanon barkono da kuɗin da ya sa na riƙe baki. Da ya ji inda za mu, shi ma ya zuba nasa: wai sun fi kowa ciniki a kan naira hamsin, alhali wayar hannunsu ta fi babur ɗinsa tsada. Gyaɗi-Gyaɗi kuwa cunkoso, shaguna a jere, masu gyaran waya da teloli da masu kemis, kowa na ta kansa. Muka sauka a bakin layin da Abba ya taɓa kwatanta mini.

Ka'idar bincike ita ce ba ka faɗin abin da ya kawo ka. Sai na tsaya wurin mai shagon da ke kallon gidan, na sayi ashana da ba na buƙata, na ce ko ɗaliban can suna sayen kayan miya. Ya kwashe da dariya. Ya rage murya ya ce ƙasusuwan mutane suke ajiyewa a ɗaki, kuma maza na sallama a ƙofar ba dare ba rana. Na ambaci sunan yarinyar, na ce ita fa? Sai ya ce, "Wacce ce a ciki, Hajiya? Ai duk ɗaya suke." Maƙwabciyarsu ma da muka shiga, ƙorafinta shi ne ba sa zuwa suna, ba sa zuwa biki, gaisuwa ma a tsaye suke yi suna sauri. Ita ma ba ta san sunan ko ɗaya ba.

Muka yi sallama gidan. Ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida, fararen riguna a kan igiya, bokitai a jere. Wata Kirista 'yar Kudu ce ta fara tarbar mu, Hausarta tar kamar a Kano aka yanke mata cibiya, ta kira mana sauran. Da yarinyar ta fito na gane ta daga kwatance: doguwa, siririya, da tabarau. Ta shigar da mu ɗakinsu. Ni kuwa idona na ta aiki. Wando ne a ƙarƙashin hijabinta, na ajiye wannan. Tukunyar jiya ba a wanke ba, na ajiye. Wani saurayi ya yi sallama daga waje yana neman littafi, ta fita ta miƙa masa har da dariya, na ajiye wannan ma da kyau. Sai abokiyar tafiyata ta damƙi hannuna tana salati. Ƙoƙon kan mutum ne a kan tebur, yana kallon mu. Yarinyar ta ɗauka ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ce na roba ne, karatu suke da shi.

Ta tambayi kuɗin daddawa. Ni da ban taɓa sayar da ko tsinke ba, na faɗi kuɗin da ko a ƙauyenmu ba a samunta haka. Ta yi murmushi, ta fita, ta dawo da ruwa da lemo a faranti. Sai ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da hanya, Gwaggo. Ya mutanen Birnin Kudu?"

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe hotona ne a fuskar wayar Abba, na ranar sallah, har ɗankwalin da ke kaina shi ne. Ta ce tun daga ƙofa ta gane ni, kuma ba ta ga laifina ba, ko ita ce za ta bincika. Ta ce in tambaye ta duk abin da nake so. Na kuwa tambaya, ban rage ba, har saurayin littafin. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba kame-kame. Wasu amsoshin sun kwanta mini, wasu ba su kwanta ba. Tukunyar dai ta ce ƙiwa ce, ba ta da hujja.

Sannan ta ce, "Gwaggo, ni ma ina da tambaya ɗaya. Abba ya ce mini a gidanku babu mai hana ni ƙarasa karatu. Saura mini shekara biyu. Don Allah, haka ne?"

A gabana Yaya Alhaji ya ce in dai an ɗaura, ranar da ta tare ranar boko ya ƙare, kuma Abba na zaune a wurin bai ce uffan ba. Na so in ce haka ne. Kalma biyu ce, da na faɗa an wuce wurin, yarona ya samu abin da yake so. Amma ta haɗa ni da Allah, kuma tana kallon idona. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin jaka. Ta daɗe tana jira, sannan ta ce ta gode, ta fahimta. Ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce a gaya wa Alhaji tana son Abba, amma sai an yi alkawarin karatunta a gaban waliyyanta. In ba haka ba, kada a wahala a kai gaisuwa Potiskum.

Bayan azahar muka koma Unguwa Uku. Har muka wuce Wudil abokiyar tafiyata na ta mitar ƙarfin halin yaran zamani. Dab da magariba muka isa gida, na tarar da Yaya Alhaji a zaure shi da Abba. Na faɗi komai, wando da tukunya da saurayin littafi, ban rufa mata asiri ba. Na faɗi sharaɗinta. Yaya ya ce, "Kin ji ko? 'Yan jami'a ke nan, har sharaɗi suke kafa wa manya." Na ce masa ni dai ban kama ta da ƙarya ko ɗaya ba, ƙaryar da na tarar a Kano daga gidan nan aka kai ta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Duk waɗanda suka ba ni labarin 'yan jami'a, babu wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu, kuma ni ce na fi su laifi, don ni na yi shiga ta yaudara na je gidan mutane. Har yanzu Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abba kuwa, da na goya a bayana, ya ce bincike aka aike ni, ba tonon asiri ba. Yau kwana biyar ke nan bai shigo gaishe ni ba.