Gudun da Na Yi wa Gonarmu

Wata Laraba ce, ana jiran ruwan shuka, shekarar da na cika tara. Fari ya koro mu daga arewa, muka sauka wani ƙauye kusa da Maraɗi da jaki ɗaya da tukwane uku. Baba Nomau, wanda kakanninsa suka sari dajin, ya ba mu zaure, ya buɗe mana rumbu. Da babanmu ya roƙi gona, tsohon ya kai mu gindin wani gawo ya ce, "Malam, ranar Laraba yaronka ya taka daga nan. Inda kiran azahar ya same shi, nan ce iyakarka."

A lokacin, in na tashi gudu, zomo kan tsaya ya ɗauki darasi. Kullum ni ke cin langa, ni ake aika kamo akuya in ta tsinke. Kawuna Illa ya san haka. Tun jajibirin ranar ya share ƙaya a hanya, da safe ya cika mini aljihu da ƙuli-ƙuli, ya raɗa mini cewa kada in waiwaya. Na kuwa zuba da gudu. Na wuce tafkin da shanun ƙauyen ke sha, na wuce tsamiyar da aka binne mahaifin Baba Nomau a gindinta. Sai can ladan ya kira.

Tsohon ya iso yana dogara sanda. Ya daɗe yana duban tsamiyar, sannan ya ce, "Allah ya yi wa ƙafarka albarka, ɗana." Da hannunsa ya dasa gambar iyaka. Babanmu dai ƙasa yake kallo.

Shekara talatin ina ba da labarin nan a Faransa, daga ɗakin ɗalibai a Villeurbanne har gidajen abincin Belleville, kullum gonar tana ƙara tsawo. Bara sai da na kai ta Agadas, ana ta dariya.

Makon jiya ɗiyata Hadiza ta kawo aikin lakwal, wato makaranta, kan mutanen Lenape, 'yan asalin Amurka. Sun karɓi Turawa 'yan ɗariƙar Kweka da amana, aka zauna lafiya. 'Ya'yan baƙin suka nemi ƙasa iyakar tafiyar yini ɗaya da rabi, suka share hanya, suka ɗauko gwanayen gudu.

"Baba, su masu gudun ba su ji kunya ba?"

Na lalubi abin dariya, ban samu ba. Na lalubi kunyar, ita ma shiru. Ɗanɗanon ƙuli-ƙuli kawai na tuna. Har yau geron gonar nan ake aiko mini.