Auren da Aka Ɗaura a Kan Gasasshen Rogo

Babana ya rasu a shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu. Inna ko takaba ba ta gama ba, ƙaninsa, baffanmu, ya fara yawo da magana a zaurukan Daura: wai shi bai san da auren yayansa ba, babu wanda ya ci goronsa a garin nan, soja ne kawai ya dawo daga yaƙin basasa da wata 'yar kudu a bayansa. Gidan yake so, kowa ya sani. Amma in maganarsa ta tabbata, ba gida kaɗai za mu rasa ba. Ni da ƙannena mun zama marasa uba ke nan, ga ni da aurena da 'ya'yana.

Ranar da na ji, sai da mijina ya tare ƙofa, don da na isa gidan baffa da sai an kira 'yan sanda. Inna kuwa ta ci gaba da takabarta. Dama ita ba ta taɓa ba mu labarin yaƙin ba. In mun tambaya, sai ta ce mu je mu duba tukunya kada ta ƙone.

Baffa ya kai ƙara. A kotu alƙali ya tambayi Inna inda aka ɗaura auren. Na zaci za ta sunkuyar da kai. Sai ta gyara mayafi, ta soma magana da Hausar nan tata da muke tsokanarta a kai, wadda har yau ba ta iya faɗin "ƙ" daidai.

Ta ce a wata makarantar firamare ne, can gabashin kogin Kwara, inda aka tsare sojojin gwamnatin tarayya da aka kama. Ita marainiya ce, sojojin ɓangarensu suka ɗauko ta suka sa ta dafa wa fursunoni abinci, ita ma ba ta da ikon ƙetare wayar da aka kewaye makarantar da ita. Babana yana kwance a ƙarshen aji, ƙafarsa ta fara ruɓewa. Gishiri a lokacin ya fi zinariya wuyar samu, sai ta riƙa satar ɗan kaɗan daga na manyan sojoji tana ƙullewa a bakin zane, ta jiƙa ta wanke masa ciwon. An kama ta sau ɗaya, an yi mata dukan da har yau ba ta ji da kunnen hagu. Washegari ta koma.

"Da ya miƙe, shi ya ce yana sona," in ji ta. "Na musulunta a hannun wani malami mutumin Dutsi da ke cikinsu, shi ya zama waliyyina. Fursunoni suka shaida. Babu goro, aka gasa rogo aka rarraba."

Alƙali ya ce, "Sadaki fa?"

"Allah ya gafarta malam, mijin nawa ko wandon kirki ba shi da shi. Fatiha ya koya mini, aya aya, malamin ya ce ta isa."

Ni dai hawaye nake, amma ba na baƙin ciki ba. Ji nake kamar in tashi in nuna wa kowa ita, in ce wannan ce ta haife ni.

Alƙali ya juya wajen baffa ya tambaye shi ina yake ranar sunayen 'ya'yan nan. Baffa ya yi ta muzurai, da ƙyar ya amsa cewa shi ya riƙe ragunan. Alƙali ya ce auren da gari ya sani shekara da shekaru, har mai ƙara ya ci naman sunan 'ya'yan marigayin, ba ya bukatar sabuwar shaida. Ya kori ƙarar.

Muna fitowa na saki guɗa a bakin titi, 'yan acaɓa suna juyowa. Inna ta mintsine ni ta ce in rufe mata baki, ita mijinta ya mutu. Muka yi tafiya mai nisa ina riƙe da hannunta. Sai da muka kusa gida ta tsaya.

"Na yi niyyar in shiga kabari da labarin nan," in ji ta. "Abin da na faɗa ɗan kaɗan ne, sauran ba ya faɗuwa. Amma da a kira ku da sunan da ba naku ba, gara a mayar da ni makarantar nan."